Ganyen Malama da Ƙasar da Na Zuba Masa

Kun sha tambayata dalilin da ya sa, ranar da rashin zaman lafiya ya taso mu daga ƙauye, na bar tukwanena na ƙarfe da gadon aurena, amma na rungumo gwangwanin shuka a cinya tun daga Nasarawa Burkullu har ƙofar gidan nan na Gummi. Ke Hadiza har tsiya kika yi mini a mota, kika ce Inna ta ɗauko kayan miya ta baro tukunyar miyar. Na taya ku dariya don ba ni da amsar da zan iya bayarwa a gaban mutane. Yanzu idona ya fara ƙin ƙananan baƙaƙe, gara in rubuta kafin ya ƙi manyan. Abin da kuka sani game da ganyen nan, da matar da ta kawo shi ƙauyenmu, ba daidai ba ne, kuma ni ce na bar shi a haka.

Sunanta Malama Rifkatu. Manyanku za su tuna ta, doguwa mai wushirya, kullum da alli a gefen zanenta. Daga ƙasar Filato aka turo ta koyarwa a firamarenmu, Kirista ce, mijinta ya rasu, ta kama ɗaki a gidan da ke jikin namu. Katangar da ta raba mu ba ta wuce kafaɗa ba. Farkon haɗuwarmu garwashi ta leƙo nema, ta kira ni Inna kamar yadda ta ji kuna kirana, alhali da kyar in na girme ta da shekara biyu. Tana dariyar Hausarmu, muna dariyar tata. Kafin damina ta zagayo ta zama 'yar gida, ta san inda nake ɓoye daddawa, ni kuma na san ranar da kewar 'yarta da ta baro wurin kaka take damun ta, don ranar ba ta iya cin tuwo. Ita ta koya mini wannan rubutun da kuke karantawa. Bayan la'asar za ta shigo da littafi, ta rubuta layi ɗaya a saman shafi, ni kuma in yi ta kwaikwayo har ƙasa, ina zare harshe kamar mai saka zare a allura. Babanku bai hana ba. Cewa ya yi in dai tuwo ba zai makara ba, in karanta har jarida.

A tagar ɗakinta na fara ganin tayim da ransa. Kafin nan ni dai na san shi busasshe a 'yar takarda, wanda babanku kan sayo a kasuwar Anka a barbaɗa wa shinkafar salla. Ban taɓa kawo wa raina cewa abu ne mai saiwa ba. Ga shi a gwangwanin madara, ɗan cukuikuye, ganyensa bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma in ka murza shi a yatsa sai ƙamshin ya bi ka har wurin alwala. A shekarar ne aka fara kawo duwatsun zinari cikin gidaje. Maza su haƙo a daji su kawo a buhu, mu mata mu daka a turmi, a tankaɗe, a kai lallausan wurin wanki, tsakin da ya ƙi dakuwa kuma a tara shi a gefe. Ƙura ta kama ƙirjin babanku, yana tari har ya dafa bango. Malama ta tsinko reshe uku ta tafasa, ta sa zuma, ta ba shi ya sha da ɗumi, sauran ruwan kuma ta ce ya lulluɓa da mayafi ya yi sirace. Ba zan ce ya warke ba, amma ƙirjin ya saki, ya iya jan salla ba tare da ya tsaya ba. Daga ranar na ce sai na mallaki nawa.

Ta yanko mini reshe, ni kuma na yi masa gata irin na 'yar manoma. Na samo baƙar ƙasa mai kyau, na zuba takin awaki, safe ruwa yamma ruwa. Kwana goma ya yi baƙi ya ruɓe. Ta sake ba ni, na sake kashe shi. A karo na uku ta zauna a bakin rumbu tana dariya har da hawaye.

"Inna, wannan ganye ba ya son gata," in ji ta. "A wurinmu cikin duwatsu yake fita. Ki huda gindin tukunya, ki sa mashi tsakuwa da yashi, ki manta da shi sai ƙasa ya bushe."

"To mi za shi ci?" na ce. "Shuka ba taki awa maraya?"

"Wahala zai ci. Shi ne abincin shi."

Ita nata yashin daga rafi ta ɗebo, tafiya ce mai ɗan nisa, ni kuwa kun san ba na fita sai da dalili mai ƙarfi. Na duba tsakar gida, sai ga tsakuwa tuli a gindin turmina, tsakin dutsen nan da ya ƙi dakuwa, har yana ɗan ƙyalli in rana ta doke shi. Na ɗauko tsohuwar tukunyar ruwa da ta tsage, na cika rabinta da shi, na gauraya da ƙasa, na dasa reshen, na ajiye a gindin rumbu inda hular rumbun za ta kare shi daga ruwan sama da ranar azahar. Ya kama. Bai tsaya kamawa ba, ya bazu har ya zubo ta bakin tukunya, ya fi na Malama sau nawa. Ta tambaye ni me na yi masa, na ce asirina ne, almajira ma tana da abin da za ta ɓoye wa malamarta. Wasa nake yi. Na so in ɗan ja mata rai ne kawai, kuma daga baya maganar ta shige.

Kan a jima matan ƙauye suka gano hanyar gidanmu. Mai mura ta zo, mai ciwon maƙogwaro ta zo a ba ta ta kurkure, mai yaron da cikinsa ya kumbura ta zo. Ni ce mai tsinka, ni ce mai faɗin yadda za a tafasa, amma sunan da ya bi shi ganyen Malama. Ina jin daɗin abin ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Mace irina da ba a taɓa neman shawararta a kan komai ba sai gishirin miya, ga shi ana sallama ana cewa ina Innar magani.

Sai shekarar da yara suka fara faɗuwa. Ba sai na ba ku labarinta duka ba, wasunku sun ɗauki gawa a cikinta. Yaro yana wasa, sai amai, sai ya daina ci, sai ya sanƙare yana jijjiga ido ya juye. Muka ji ana yi a Yargalma, muka ce Allah Ya kiyaye, kafin mu rufe baki ya shigo mana. Nura, ɗan Baffa Mani yayan babanku, shi ne na uku da aka binne a ƙauyenmu, bai cika shekara biyu ba. Autata Balki tana da uku, ita ma ta fara amai. Me uwa za ta yi in ba ta ba da abin da ta sani ba? Na tsinko ganyen na tafasa na ɗura mata, safe da yamma, kamar yadda na tsinka wa uwar Nura.

Ban san bakin da maganar ta fara fitowa ba. Na dai ji ta ta dawo mini ta kan katanga, wai duk yaron da ya faɗi an taɓa ba shi ganyen baƙuwar nan. Gaskiya ne, amma a lokacin da wuya ka sami yaro a ƙauyen da bai sha ba, har waɗanda suke guje-gujensu lafiya lau. Mutanen da suka binne 'ya'ya ba sa tsayawa wannan lissafin. Aka daina amsa gaisuwar Malama. Aka janye yara daga ajinta. Ita kuwa ba ta fasa shigowa gidanmu ba, sai dai ta daina kawo littafi, ta zauna ta riƙe ƙafar Balki tana addu'a irin tasu a hankali, ni ina tawa.

Ran nan da hantsi ma'aikatan lafiya suka iso da motoci, har da Turawa. Suka tara mutane suka ce ba iska ba ce, ba kuma sammu ba, gubar dalma ce da ke cikin dutsen da muke dakawa, ƙurarsa ta shiga ƙasar gidajenmu, yara suna rarrafe suna kai hannu baki. Da yake Malama ce mai Turanci a kusa, ita aka sa tafinta. Na ji sanyi a raina, na ce yau za a wanke ta. Suka bi gida gida da wata na'ura mai kama da bindigar wasan yara, a ɗora bakinta a ƙasa ta nuna lamba. Da suka shigo namu, maza suka biyo su har tsakar gida, abin da ba a taɓa yi ba. Babanku yana nan, Baffa Mani yana nan. Ni ina ƙofar ɗaki da Balki a kafaɗa.

Mai na'urar ya auna ƙofar ɗaki, ya auna wurin murhu, ya rubuta. Baffa Mani ya nuna masa gindin rumbu da sanda.

"A auna wagga," ya ce. "Tukunyar ga nika son a auna."

Mutumin ya ɗora na'urar a cikin tukunyar, ya duba, ya sake ɗorawa, sannan ya yafito abokin aikinsa. Ba sai an fassara wa kowa fuskarsu ba. Ya yi magana, Malama ta juya ta faɗa da Hausa cewa dalmar da ke cikin tukunyar nan ta fi ta ko'ina a gidan. Na ga ta durƙusa ta tura yatsu cikin ƙasar, ta ɗebo, ta buɗe tafin hannunta. Tsakin yana ƙyalli. Ta daɗe tana kallon sa. A lokacin ne ni ma na gane abin da na yi. Mutumin ya sake tambaya, ita kuma dole ta fassara, don aikin da aka sa ta ke nan. Ta ɗago ta dube ni, ni kaɗai.

"Yana tambaya, ƙasan cikin tukunyan nan, daga ina aka ɗebo shi?"

'Ya'yana, amsar tana bakina. Kalma huɗu ce ko biyar. Amma na dubi Baffa Mani da idonsa da bai bushe ba tun binne Nura, na dubi babanku, na ji nauyin Balki a kafaɗata kamar tsumma. Na ga ana nuna ni ana cewa A'i ce ta dafa wa yaran ƙauye guba da hannunta. Na ga kaina a hanyar gidan iyayena da saki, an karɓe Balki tana wannan hali. Tsoro ne ya kama ni, tsoro tsagwaronsa, ba wani abu mai suna mai kyau ba. Na sunkuyar da kai ina gyara wa Balki zane.

"Mi a abin tambaya?" Baffa Mani ya ce. "Wa yak kawo muna shi garin ga in ba ke ba? A'i ta san wani tayim kahin ki zo?"

Malama ta sake dubana. Ina ganin wannan kallon har yau.

"Ni na kawo shi," ta ce.

Ta juya ta yi wa mutumin magana da Turanci, gajeriya, ya rubuta, suka wuce gida na gaba. Ma'aikatan sun yi ta nanata cewa ƙurar dutse ce ta kashe yara, a kowane gida, da mai ganye da marar ganye. Amma abin da mutane suka gani da idonsu shi ne na'ura a cikin tukunyar ganyen Malama, shi suka riƙe.

Washegari aka kwashe mu zuwa Bukkuyum, iyaye mata da yaran da jininsu ya nuna. Mun yi makonni ana ba Balki magani. Kullum ina ce wa raina da na koma zan faɗa, zan fara da babanku, sannan in je har ɗakinta in durƙusa. Na taɓa tarar wata ma'aikaciya ita kaɗai na tambaye ta, in an dasa ganye a ƙasa mai dalma aka dafa wa yaro, zai cutar? Ta ce zai iya, musamman in ƙurar ta hau ganyen ba a wanke ba, amma yaron da ke rarrafe a gidan da ake daka ya riga ya sha abin da ya fi haka. Na so ta ce a'a, ko ta ce e. Har gobe ban san ko nawa ne rabon hannuna a cikin kunnen Balki da ba ya ji sosai, da jinkirin da take yi kafin ta gane magana. Ban san rabona a kabarin Nura ba. Allah Ya sani, kuma gare Shi nake neman gafara.

Da muka dawo ban gane gidana ba. An kankare ƙasar tsakar gida an tafi da ita, an zubo sabuwa ja. Ba turmi, ba tuli, ba tukunya. Na leƙa ta katanga, ɗakin Malama a buɗe, awaki a ciki. Babanku ya ce ta nemi canji, ta tafi da sati biyu, ba wanda ya raka ta bakin hanya. Ya faɗa yana kallon gefe, don shi ma ya sha zumar hannunta.

Kwana uku bayan nan Dije mai nono, Bafulatanar da ke kawo mana fura da nono daga ruga, ta sauke ƙwaryarta, ta jira har tsakar gida ta yi shiru, sannan ta ciro gwangwanin madara da littafina daga cikin buhu.

"Malama tac ce in ba ki hannu da hannu," ta ce. "Tac ce kar in ba shi ruwa sai ƙasa ta bushe. Na kiyaye, ga shi bai mutu ba."

Nata ne, na tagar ɗakinta, wanda ta taho da shi tun daga gida. Na buɗe littafin. A saman sabon shafi ta rubuta mini layi ɗaya kamar yadda ta saba, da manyan baƙaƙenta masu tsabta: Yashin rafi kawai, a wanke shi sau uku. Ba gaisuwa, ba zargi, ba inda za a same ta. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi a Bukkuyum ba. Sannan na ɗauki fensir na kwaikwayi layin har ƙasan shafi, don ban san wani abin da zan yi da shi ba.

Za ku ce to me ya hana ni faɗa daga baya. Na ce sai Balki ta miƙe. Da ta miƙe na ce sai zukata sun huce. Da suka huce sai na ga kamar tono ne. Babanku ya kwanta ciwon ajali, na yi wata biyu ina jinyarsa, ina dafa masa ganyen nan a ɓoye ina ce masa na'ana'a ce, shi kuma yana sha yana yi kamar bai gane ƙamshin ba. Ya tafi ban faɗa masa ba. Kuna girma ina jin ku kuna cewa wata malama ta taɓa kawo ganye mai guba ƙauyenmu, ina jin ku, ina tuƙa tuwo.

Na neme ta. Na sa an tambaya a wurin mutanen cocinsu a Anka, an tambaya a nan Gummi. Wani ya ce ta koma gida ta bar koyarwa, wata ta ce ta ji an ce ta rasu, wani ya ce ba ita ba ce, mai irin sunanta ce. Rifkatu suna da yawa a ƙasarsu, ni kuwa ko sunan ƙauyensu ban riƙe ba, don a lokacin ban ɗauka akwai ranar da zan buƙace shi ba. Abin da nake kewa ba wani babban abu ba ne. Leƙowarta ta katanga tana cewa Inna me aka dafa. Yadda take kama hannuna ta gyara mini riƙon fensir. In la'asar ta yi a gidan nan, rana ta sauko kan gwangwanayen da ke bakin taga, har yanzu sai in ji kamar za a yi sallama da Hausar nan tata mai karkata.

Wanda ke bakin tagata yanzu, jikan jikan nata ne. Tayim ba ya daɗewa a zafinmu, duk shekara sai na yanki reshe na sake dasawa kafin uwar ta bushe, kuma duk shekara Balki ke rakiyata rafi mu ɗebo yashi, ta wanke shi sau uku tana ƙirgawa da ƙarfi. In na mutu ku bar mata su, ta fi ku sanin lokacin da ba a ba shi ruwa.

Ga abin da nake roƙon ku. Baffa Mani yana da rai, yana Bukkuyum wurin 'yarsa, idonsa ya tafi amma kunnensa garau. Kai Lawali, kai ne babba, ka je ka karanta masa wannan tun ina numfashi, kar ka tsallake layi ko ɗaya, duk abin da ya ce kuma ka kawo mini shi yadda ya faɗa. Sauranku, duk wanda aiki ko fatauci ya kai shi ƙasar Filato, ya tambayi Rifkatu mai wushirya da ta taɓa koyarwa a bayan Nasarawa Burkullu. In kun same ta, ko kun sami 'yarta, kar ku tsaya dogon bayani. Ta yi mini tambaya a gaban mutane ban amsa ba, ku nuna mata wannan layin, za ta gane rubutun.

Malama, daga gindin turmina na ɗebo ta, ni na zuba da hannuna.